Ramar da muke kwaɗo da ita, da ita wasu ke ƙera ƙofar mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya da kai da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a taimaka min da fili, na san wasiƙar zata ɗan yi tsawo amma abin ne ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kullum idan ana maganar farfaɗo da masana'antun Arewa sai kaji auduga, fata, tumatir, shinkafa, to duk wannan daidai ne ban ƙi ba, amma akwai wani tsiro da kowa ya sani, yana nan a gefen gonakinmu ana kafa iyaka da shi, mata suna tsinkar ganyensa ayi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, tsofaffi suna ɓare ɓawonsa su tufka igiyar ɗaure akuya, wato rama. Wannan ramar dai ita ce manyan kamfanonin mota na duniya suke haɗawa da roba su ƙera cikin ƙofar mota da ita, mu kuma da muke da ƙasar noman ta da rana da manoma har da masana'antun roba ko hanyar bamu kama ba. Ni ma'aikacin masana'antar roba ne a nan Kano, a gaban injin narka roba nake neman abincina, shi yasa abin yake damuna fiye da yadda zai dami wani.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda ba harkarsa bace. Roba ita kaɗai tana da sauƙin sarrafawa, ka narka ta ka zuba a mazubi ta ɗauki duk siffar da kake so, bata tsatsa, ruwa baya cin ta, amma bata da ƙarfin ɗaukar nauyi, tana lanƙwasa tana tsagewa. Zare kuma shi kaɗai yanada ƙarfi idan ka ja shi ta tsawo amma ba zai tsaya da kansa ba. Idan aka haɗa su biyun sai robar ta riƙe zaren a waje ɗaya ta kare shi, shi kuma zaren ya ɗauki nauyin. Maginanmu na gargajiya sun san wannan tun kaka da kakanni, shi yasa idan zasu kwaɓa ƙasar gini suke zuba ciyawa a ciki su tattake, dan kar bango ya tsattsage idan ya bushe. To haka abin yake, sai dai a nan roba ce a madadin ƙasa. Wanda aka fi sani a kasuwa shine abin da muke kira faiba, wanda ake jiragen ruwa masu inji da shi kuma masu gyaran bamba suke liƙi da shi, shi zarensa na gilas ne. Maganar da nake yi ita ce a cire zaren gilas ɗin a wasu kayayyaki a saka na tsiro.

Me yasa mutum zai bar gilas ya koma ciyawa? Babban dalili nauyi ne. Zaren gilas nauyinsa ya kai ninki 2.5 na ruwa, shi kuwa na rama da danginsa tsakanin 1.3 ne zuwa 1.5, kaga kusan rabi kenan. Gaskiya ne gilas ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba idan ana maganar jan zare har ya tsinke, wannan ba'a musu, amma idan ka auna taurin abu da nauyinsa sai kaga tazarar ta ragu sosai, kuma a mota ko wane kilo da aka rage mai ne aka rage, a mota mai lantarki kuma tafiyar batir ce aka ƙara. Sannan kafin a samu zaren gilas sai an narka yashi da wasu duwatsu a tanderu mai zafin sama da digiri 1,000, rama kuwa ruwan sama da rana ne suke yin aikin, cikin wata 4 zuwa 5 ta kai mita 3 ko fiye. Akwai kuma abin da sai wanda yake aiki da hannunsa ya sani, duk wanda ya taɓa yanka faiba ko goge ta ya san irin ƙaiƙayin da take sawa a jiki da ƙurar da mutum ke shaƙa, kuma gilas yana cinye ƙarfen cikin inji a hankali har sai an canja, zaren tsiro baya wannan ɓarnar. Idan aka yi hatsari ma allon da aka yi da zaren tsiro baya farfashewa ya zama tsini-tsini masu yanka, kuma yana shanye ƙara.

Abin ba sabo bane. A tsohuwar Jamus ta Gabas saboda ƙarancin ƙarfe sun ƙera wata ƙaramar mota mai suna Trabant a garin Zwickau daga 1957 har 1991, sama da guda miliyan 3, jikinta da ragowar auduga aka yi shi haɗe da wani irin ƙaro na roba, kuma motocin sun yi shekara da shekaru akan titi jikin baya tsatsa. Amma abin da ya tada harkar da gaske shine dokar da Tarayyar Turai ta kafa a shekarar 2000 akan motocin da suka mutu, wadda tace daga 2015 dole kashi 95 cikin 100 na nauyin mota ya zama za'a iya sake amfani da shi ko a ci moriyarsa ta wata hanya. To roba mai gilas idan ka ƙona ta gilas ɗin yana nan ya zama tulin toka, mai zaren tsiro kuwa tana cinyewa har a samu wuta da ita. Tun kafin dokar ma, a shekarun 1990, Mercedes-Benz sun fara sa zaren tsirrai a allunan cikin ƙofofin motocinsu, daga baya har suka yi amfani da zaren abaka, wani ɗan'uwan ayaba da ake nomawa a ƙasar Filifin, a ƙarƙashin ƙaramar motarsu A-Class. Toyota kuwa ramar ce kai tsaye, a shekarar 2000 suka fara sa ta cikin ƙofar wata babbar motarsu, kuma a Indonesiya ake noma masu ita. Ford sun saka ta a ƙofar Escape ta 2013. BMW da suka fito da i3 mai lantarki a 2013 ko ɓoye ta basu yi ba, zaren yana nan ana ganinsa a gaban direba da jikin ƙofa, ado ma suka ɗauke shi. Kamfanin NEC na Japan har wayar hannu ya fitar a 2006 wadda aka ƙarfafa murfinta da rama. Ina ganin cikin motocin da ake shigo mana da su na hannu akwai da yawa da idan bakanike ya ɓalle cikin ƙofar zai ga wani allo ruwan ƙasa mai kamar tabarma da aka danne, to irin wannan kayan ne.

Yadda ake yin allon ma ba wani sihiri a ciki. Ana yanka zaren rama a gauraya shi da zaren robar da muke kira PP, wato folifurofilin, ita ce robar kujera da buhun siminti, kusan rabi da rabi, a sharce su a shimfiɗa kamar katifa mara kauri, wani inji mai allurai da yawa ya soke ta har ta kama jikinta, sai a gasa ta har robar ta narke ta jiƙe zaren, a saka a mazubi a danne da ƙarfi, tana hucewa ta zama allo mai tauri da siffar da ake so. Duk wanda ya taɓa aiki a masaƙun Kaduna ko Kano zai gane rabin injinan nan, dan aikin sharce zare ɗaya ne da na auduga, ga kuma dubban tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna zaune ba aiki tunda aka rufe su.

Ƙasar da tafi bani sha'awa a wannan harka ita ce Maleshiya. Su ba'a san su da rama ba can da, masana ma sun ce Afirka ce asalin tsiron, amma da suka ga noman taba yana mutuwa a jihohin Kelantan da Terengganu sai gwamnati ta mayar da hukumar taba ta zama hukumar rama da taba a 2010, aikinta ta raba iri, ta koyar da manoma, ta kafa wuraren ɓare zare, ta nemo masu saye. Jami'o'insu kuma suka duƙufa akan binciken haɗa ta da roba. Indiya tun 1987 take da dokar da ta tilasta zuba wasu kayan abinci a buhun algarara dan kare manoma da masaƙun su, Bangaladash ma ta yi irin tata a 2010. Ba wai ina cewa mu kwafi komai nasu bane, abin da nake so a lura shine a ko'ina aka ci nasara sai da wani ya tsaya tsakanin manomi da masana'anta.

Mu fa mun taɓa farawa. A shekarun 1960 an kafa masana'antar buhu a Jos da kuma Badagry saboda gyaɗa da koko da auduga duk a buhun algarara ake fitar da su, dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta ai buhunan algarara ne aka jera, kuma rama aka so a riƙa ciyar da masana'antun da ita. Duk sun mutu, buhun roba ya zo ya mamaye kasuwa, yau masu fitar da koko da kashu sai sun sayo buhun algarara daga Bangaladash da Indiya da dala. Abin da zai ƙara baka mamaki, tsiron da ake saƙa yawancin algararan da shi a can jinsi ɗaya ne da lalo da muke miya da shi, bambancin kawai su nasu irin an zaɓe shi dan tsawon kara, mu namu dan ganye. Zoɓo ma ɗan gidan su rama ne, a Indiya ana cire zare daga karansa, mu kuma a Jigawa da Kano da Katsina ana tsinke furen a loda a tirela a fitar har Meziko, karan kuma a bar shi a gona ko a hura wuta. Cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan ita aka ɗora wa alhakin inganta rama kuma ta fitar da iri irin su Ifeken 100 da Ifeken 400, amma ka shiga ƙauyukanmu ka tambayi manomi ko ya taɓa jin akwai irin rama na zare daban da na miya kaji amsar da zai baka.

Ɓangaren roba kuwa bamu da uzuri ko kaɗan. Indorama a Eleme ta jihar Ribas sun daɗe suna yin PP, matatar Dangote a Legas ma ta fara fitar da ita a 2025. Ga masana'antun roba a Sharaɗa da Chalawa da Bompai suna buga kujeru da bokitai da tabarmi ba dare ba rana, ga 'yan bola jari suna tattaro tsohuwar roba ana niƙawa ana sake narkawa. A Zariya jami'ar Ahmadu Bello tana da sashe guda na injiniyancin roba da saƙa, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga hukumar RMRDC a Abuja da aka kafa musamman dan binciken albarkatun da masana'antu zasu yi amfani da su. Ɗalibai da yawa a jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya sun rubuta kundin kammala karatu akan wannan fanni, wani ya gwada da zaren kaba, wani ɓawon kuka, wani soson wanka, wani buntun shinkafa, wani tumfafiya, a buga ɗan allo kamar tafin hannu a kai ɗakin gwaji a ja shi a lanƙwasa shi a rubuta sakamako, a bashi digiri, shikenan kundin ya hau kanta. Ba laifin yaran bane wallahi, sun yi iya yinsu kuma da kuɗin aljihun iyayensu, laifin shine babu wanda ya taɓa zaunar da malaminsu da mai masana'anta a teburi ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shine tsakiya, tsakanin gona da inji. Mai masana'anta ba karan rama yake so ba, zare yake so mai tsabta, busasshe, mai tsawo ɗaya da launi ɗaya, wanda zai samu tan kaza duk wata har shekara ta zagayo, kuma na watan Janairu ya zama iri ɗaya da na watan Yuli. Kafin a kai nan akwai aiki. Na farko shuka kanta, ramar zare ana shuka ta ne a matse sosai dan ta miƙe sama sambal bata yi rassa ba, ba irin ta bakin gona da ake bari ta baje ba, kuma ana yanke ta ne lokacin da ta fara fure, idan aka bari ta tsufa zaren yayi gauri. Zaren mai amfani a ɓawo yake, kuma ɓawon bai fi kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na busasshen karan ba, sauran duk farin tsakiyar nan ne mara nauyi, shi ma ba yarwa ake ba, ana shimfiɗa wa kaji da dawaki, ana allo da shi, ana tsane man da ya zube da shi. Sai jiƙo, a tsoma ɓawon a ruwa kamar sati biyu, ya danganta da ɗumin ruwan, ƙwayoyin halitta su cinye danƙon da ya manne zaren, idan aka cire da wuri zaren baya rabuwa, idan aka wuce lokaci ya ruɓe ƙarfinsa ya tafi. Kuma jiƙon nan yana ɓata ruwa, yana wari yana kashe kifi, saboda haka ba abu bane da za'a ce kowa yaje kududdufin gari ko rafin da ake sha ya tsoma, dole a gina kwatami na musamman, kuma a fara ɓare ɓawon da inji a jiƙa shi kaɗai ba tare da karan ba, ruwan da za'a ci sai ya ragu sosai. Wajen shanya kuwa Allah ya bamu abin da su Maleshiya basu da shi, ana gama girbi hunturu yake shigowa, iska busasshiya kyauta. Manomi ɗaya mai kadada ɗaya ba zai iya sayen injin ɓarewa ya gina kwatami ba, mai masana'anta kuma ba zai bar aikinsa ya shiga ƙauye yana bin dami-dami ba, to wannan gurbin ne ba kowa a cikinsa.

Kuma bana so in yi irin ta masu tallan magani a tasha da zasu ce yana warkar da komai, abin yanada matsalolinsa kuma duk wanda zai zuba kuɗinsa gara ya sani tun yanzu. Babbar matsala ruwa. Zaren tsiro yana shan laima daga iska kawai ma, ita kuma PP bata shiri da ruwa ko kaɗan, saboda haka su biyun basa son kama juna, idan ka gauraya su haka kawai zaren zai zauna a cikin robar ne ba tare da ya manne ba, kana lanƙwasa allon sai ya zare ya fito. Maganin da aka sani shine a wanke zaren da ruwan soda irin ta masu sabulu, kamar kashi 5 cikin 100, ta cire maiƙo da dattin da ke jikinsa ya yi kaushi yadda roba zata samu wajen kamawa, amma idan sodar tayi yawa ko ya daɗe a ciki ta cinye shi. Sannan akwai wani sinadari da ake kira MAPP da ake ɗan barbaɗawa kaɗan, gefe ɗaya yana kama zare ɗaya gefen yana kama roba. Kuma dole a busar da zaren ƙarau daf da za'a zuba shi a inji, in ba haka ba laimar ta zama tururi a ciki kayan su fito da kumfa da ramuka. Ko bayan an gama, idan aka bar allon a cikin ruwa ko damina tana dukansa kullum, zaren da ke bakin yanka zai sha ruwa ya kumbura, fumfuna ta kama, shi yasa zaka ga kamfanonin mota a ciki suka fi sa shi ba a waje ba. Mu nan sai mun ƙara da gwajin gara, dan duk abin da ya fito daga tsiro abincinta ne idan ta samu kafa.

Matsala ta biyu zafi. Zaren tsiro yana fara ƙonewa idan aka wuce wajen digiri 200, yayi baƙi yayi wari ƙarfinsa ya ragu. PP tana narkewa a wajen 165 saboda haka akwai ɗan sarari, robar leda da jarka ma ƙasa da haka take narkewa, amma robar gorar ruwa sai an kai wajen 250, kaga ita bata shiga wannan lissafin, kar wani yazo yace zai kwashe gorunan da suka toshe mana kwatoci ya haɗa da rama a inji ɗaya. Sai kuma wata magana da ake yawan yaɗawa wai kayan suna ruɓewa su koma ƙasa. A'a. Zaren ne yake ruɓewa, robar tana nan daram, sai dai in da robar da aka yi daga masara ko rake aka haɗa irin wadda NEC suka yi amfani da ita, ita kuma tana da tsada. Motocin Trabant ɗin nan ma da aka daina yayinsu bayan haɗewar Jamus rasa yadda za'a yi da gangar jikinsu aka yi, dan irin robarsu bata sake narkewa. Ribar gaskiya ita ce an rage yawan robar da ake ci da kashi 30 ko 40 ko ma rabi, an maye gurbinta da abin da manominmu ya noma, kuma idan da PP aka yi ana iya niƙawa a sake bugawa, duk da zaren yana gajarcewa duk sanda aka maimaita.

Saboda haka ni bance mu fara da mota ba. Kamfanin mota sai yayi shekaru yana gwada kayanka kafin ya karɓa, har warin allon sai sun auna, kuma motocin da ake haɗawa a ƙasar nan basu da yawan da zasu riƙe masana'anta. Mu fara da abin da muke saye kullum kuma baya shan ruwan sama. Silin ɗaki, wanda yanzu ko na roba zalla ne ko wanda ake shigowa da shi. Allon raba ofis da shago. Saman tebur da bencin makaranta, jihohinmu duk shekara suna bada kwangilar kujerun 'yan makaranta na katako ana sare itatuwan da bamu da su, kafin zango biyu ƙusa ta fita sun karye. Allunan cikin adaidaita sahu da bayan kujerunta, akwatunan ɗaukar tumatir a madadin kwandon da ke matse shi ya lalace kafin a isa Legas. Akwai wani abu da kowa a harkarmu ya sani, idan ana so a rage tsadar kaya ana ƙara garin farin dutse a cikin roba, to idan yayi yawa shine zaka ga kujera tayi nauyi amma ana zama ƙafarta ta ɓalle kamar busasshen kara, an sha jin kunya a wajen biki da zaman makoki saboda haka. Garin dutse cika ciki kawai yake, zare kuwa idan an gyara shi yadda ya kamata ƙarfi yake ƙarawa kuma kayan su fi sauƙin ɗauka.

Roƙona ga gwamnatocin Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina, da ƙungiyar masu masana'antu reshen Kano, shine dan Allah kar a fara da taron ƙaddamarwa da rabon iri. Mun ga yadda aka yi da bini-da-zugu lokacin da aka ce za'a yi man mota da shi, mutane suka shuka da zuciya ɗaya, da ya yi 'ya'ya aka nemi mai saye aka rasa, irin wannan ne yake sa manomi ya daina yarda da duk wani sabon abu kuma yanada gaskiya, mutumin da gonarsa ce abincin 'ya'yansa ba'a wasa da daminarsa. A fara daga mai saye a dawo baya. A samu masana'anta ɗaya ko biyu da suka yarda zasu gwada, a haɗa su da malaman Zariya ko na Bayero su fitar da kaya guda ɗaya tak, misali saman bencin makaranta, a kai wasu makarantu a ajiye shekara guda yara su hau su sauka, zafin Afrilu ya dake shi, laimar Agusta ta shige shi, a ga abin da zai faru. Idan ya jure sai gwamnati ta rubuta a takarda cewa zata sayi adadi kaza duk shekara, da wannan takardar mai masana'anta zai iya zuwa banki, da ita za'a kafa wajen ɓarewa da jiƙo guda ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya, sannan a je wa manoman yankin da irin zare da farashin da aka yi alkawari tun kafin shuka. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki kuma ta fitar da ma'aunin daraja, lamba ɗaya lamba biyu lamba uku kamar yadda ake yi wa auduga a da, dan wanda ya wahala ya gyara zarensa ya samu kuɗi fiye da wanda ya kawo shi da datti, kuma kar a manta da mata, dan a ƙauyuka da yawa su ne masu ramar tun asali, kar kuɗi ya shigo a ture su gefe.

Ku kuma Malam Edita ina roƙon ku tura wakilinku Zariya ya zauna da malaman sashen roba da saƙa su nuna masa allunan da ɗalibansu suka buga, ya kira cibiyar Ibadan ya tambayi inda manomin Arewa zai samu irin ramar zare da nawa ake sayarwa, sannan ya shiga Sharaɗa ya tambayi masu masana'anta me zai sa su yarda su gwada da kuma me suke tsoro. Ku buga amsoshin da Hausa yadda manomi da ɗan kasuwa zasu karanta, kuma in akwai wanda ya riga ya fara wannan aikin a wani gari a cikin masu karatu, dan Allah ya rubuto ta wannan shafin mu san da shi.

Na gode da wannan dama, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Mai karatunku daga Sharaɗa, Kano.